Layin Gocha

Ƙarfe ɗaya na dare a unguwar Sololaki.
Barandar katako tana kuka duk sa'ad da iska ta taɓa ta.
Maƙwabciyata Tsiala ta kashe fitila tun ɗazu,
ni kuwa ga ni gaban allo
da shayin da ya huce
da fom mai tambaya goma sha tara.

Masu shirin sun yi alkawari:
wata uku, tebur kusa da taga,
mai ba da shawara duk ranar Talata,
da ɗan jarin da zai fitar da mu hunturu.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, suka sa sharaɗi:
dole manhajarku ta tashi a kan sababbin kayan aiki.
Tamu kuwa shekara huɗu tana yawo da tsohon takalmi,
ba wanda ya kuskura ya leƙa dunduniyarta.

Na danna sabuntawa.
Koren layi ya yi rarrafe, ya tsaya, ya yi tunani,
sai ja ya watsu kamar an fasa rumman:
kuskure ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Na bi su kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Wannan an canja masa suna.
Wannan an sallame shi tun bara, ba a gaya mini ba.
Wannan waƙafi ne kurum,
amma sai da ya ci mini minti arba'in.
Kafin ƙarfe huɗu saura uku,
su ukun suna nuna wuri guda da yatsa:
layi na ɗari takwas da shida.

A samansa akwai rubutu:
"Kar a taɓa. Yana aiki, ban san dalili ba. Gocha."

Na tuna daren.
An yanke mana gas, yana sanye da safar hannu
wadda ya datse wa kawunan yatsu.
Layin nan shi ke riƙe lissafin zumar tsoho Bidzina
idan sabis ya ɗauke a duwatsun Racha,
kwalba nawa, lari nawa, wa ya biya, wa ya ce gobe.

Yau Gocha babbar mota yake ja
tsakanin Poznan da Hamburg,
don manhaja ba ta biyan haya,
kuma 'yarsa ta isa shiga makaranta.

Na kira shi. Ƙarar injina a bayansa.
Na ce, layinka ne ya tare hanya.
Ya yi dariya har ya sarƙe.
"Goge shi, Nestan.
Katangar da ta tsaya da sa'a, ai ranar faɗuwa take jira."
Shiru kaɗan.
"In sun ɗauke ki, ki ajiye mini kujera,
ko mai gurguwar ƙafa ce."

Ban goge ba tukuna.
Na kwashe shi, da gargaɗinsa da komai,
na sa a wata jaka, na rubuta mata sunansa.
A gurbinsa na jera layi shida
waɗanda na san dalilin kowanne.
Sun fi tsafta. Ba su da ɗumi.

Allo ya yi kore.

Tambaya ta goma sha tara: ku nawa ne a kamfanin?
Na rubuta ɗaya.
Na dubi lambar, ta dube ni.
Na goge, na rubuta biyu, na aika
saura minti ashirin a rufe.

Ƙamshin burodi ya hauro daga tandar ƙasan bene,
tsintsiyar Tsiala ta fara magana da dakali.
Waya ta yi motsi, na zabura.
Ashe ba su ba ne.
Bidzina ne daga kan dutse:
"'Yata, kwalba tara na sayar jiya,
abin naku ya ce tara. Madalla."